Ciwon Gwiwa Cikin Dare: Abin da ke Hana Dattawan Gidimuni Barci

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga birnin Damagaram zuwa Gure, in ya wuce Mirya ya miƙa gabas, zai iske Gidimuni, fiye da kilomita 60 daga birni. Gari ne mai albarkar ruwa a tsakiyar ƙasar rairayi. Akwai tabki, akwai dabino, akwai rake da rogo da albasa da shu da tumatir. A shekarar 2019 aka sa tabkin Gidimuni cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya. Mutanen garin ba su san zaman rani ba. Da an ɗaure hatsi an kai rumbu, sai a gangara garka.

Amma akwai wata wahala da baƙo ba ya gani, don ba da rana take fitowa ba. A ɗauki misalin dattijo mai garka wanda ya ba shekara 60 baya. Da rana yakan daure ya yi ban-ruwa, ya tsuguna ya yi dashe, ya hau tudu ya koma gida. In an yi sallar lisha ya kwanta, sai gwiwa ta soma. Ya juya dama, ya juya hagu, ya miƙe ƙafa, ya naɗe ta, duk ba daɗi. Barci ba ya samuwa sai wajen asuba. Gari ya waye jiki a mace, ga shuka tana jiran ruwa. Shu da salati kuwa ba su jure ƙishirwa. In aka jera kwanaki haka, sai garka ta ja baya, kuɗin cefane ya ragu, wani ma ya kai ga ba da filinsa jingina. Haka tsohuwa ma: in ba ta yi barci ba, ƴar sana'arta ta tsaya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, rashin barci yakan tura mutum wurin mai tallar ƙwaya a kasuwa. Daga nan ne ciwon da ba ya kisa yake jawo wanda ke kisa.

MENE NE KE FARUWA CIKIN GWIWA?

A gwiwa ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri suke haɗuwa, ƙoƙon gwiwa yana gaba. Kan kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, irin wanda ake gani fari a gaɓar rago in an yi fawa. Akwai kuma wani ruwa mai yauƙi da ke sa gaɓa ta motsa ba gogayya. Guringuntsin nan shi ke ɗaukar nauyin jiki a kowane taku.

In shekaru suka yi yawa, ko gwiwa ta taɓa samun targaɗe ko karaya, ko ta daɗe tana ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta, sai guringuntsi ya soma sirancewa yana tsattsagewa. Bakin ƙashi ya yi ƴan tsiro, fatar da ke lulluɓe da gaɓa ta ciki ta riƙa kumbura, wani lokaci ruwa ya taru. Tsokar cinya kuma ta yi rauni. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai irin na tsufa, wanda jama'a ke ce wa sanyin ƙashi.

Alamunsa sanannu ne. Ciwo yakan ƙaru in an yi tafiya ko an tsuguna ko an gangara tudu. Gwiwa takan yi ƙara in an lanƙwasa ta. Da safe takan sage, amma kafin rabin awa ta sake. In ya daɗe, ƙafa takan yi baka.

Cutar ba ta Gidimuni kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da ita a duniya, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa take. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55. Kashi 60 cikin 100 mata ne. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukar ta wurin wani.

AIKIN DA YA CI GWIWA

Aikin da ke sa mutum tsugunne ko durƙushe tsawon yini, da ɗaukar kaya masu nauyi, suna cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar suna gaggauta cinyewar gwiwa. Duk waɗannan kuwa su ne aikin garka: jan ruwa daga rijiya, ɗaukar butocin ban-ruwa biyu, dashe, cire haki, hawan dabino da sauka. Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira ga jama'a su duƙufa ga noman rani. Samarin da suka amsa kiran nan da ƙarfinsu, su ne dattawan yau. Sun ciyar da gidajensu shekara 40, yanzu gwiwa tana neman hakkinta.

Mata kuma nasu ya fi yawa. Ga daka, ga tsugunno gaban murhu, ga itace, ga goyo, ga ruwa. Bido mai lita 20 nauyinsa kilo 20 ne, kuma duk kan gwiwa yake sauka. In mace ta daina haila, cutar takan ƙara samun hanya.

ME YA SA SAI DA DARE?

Dalilan guda biyar ne.

Na farko, gwiwar da ta yini tana aiki takan kumbura daga ciki, kuma sai an huta ake jin sakamakon.

Na biyu, gaɓa mai amosani ba ta son zama wuri ɗaya. In ta daɗe ba motsi sai ta sage. Shi ya sa mutum ke farkawa in zai juya.

Na uku, jiki yana da wani sinadari nasa mai kwantar da kumburi, likitoci na ce masa kotizol. Da safe yake yawa, da tsakar dare yake raguwa ƙwarai.

Na huɗu, da rana hankali na kan aiki da hira. Da dare ba abin da mutum ke saurare sai jikinsa.

Na biyar, sanyi. A watan Disamba da Janairu daren Gidimuni akwai ɗari, balle kusa da ruwa. Sanyi ba shi ke kawo cutar ba, amma yana ɗaure tsoka, masu ciwon da yawa kuma sun shaida yana ƙara musu zogi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani. Rashin barci da kansa yana ƙara wa mutum jin ciwo. Wanda bai yi barci jiya ba, yau ciwonsa zai fi tsanani, gobe kuma barcin ya ƙara wuya. Don haka gyara barci magani ne.

BARCIN DARE TUN DA RANA AKE NEMANSA

Mutane da yawa suna zaton hutu ne maganin gwiwa. In mutum ya kwanta ya daina tafiya, tsokar cinya takan shanye, gwiwa ta rasa mai tallafa mata, ciwo ya ƙaru. Abin da likitocin duniya suka sa gaba da kowace ƙwaya shi ne ƙarfafa cinya. Ba ya bukatar ko dala. Ga yadda ake yi:

1. A zauna kan tabarma a miƙe ƙafa. A danna bayan gwiwa ƙasa har cinya ta ɗaure. A ƙirga 5, a saki. A yi sau 10 ga kowace ƙafa.

2. A kwanta rigingine, a naɗe ƙafa ɗaya, a ɗaga ɗayar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. A ƙirga 5, a sauke sannu. Sau 10.

3. A zauna kan kujera mai tsawo ko kifaffen turmi. A tashi tsaye, a koma a zauna sannu a hankali. A fara da sau 5, a riƙa ƙarawa.

A yi wannan safe da yamma. Wanda ya ɗaura shi ga bayan sallar asuba da bayan la'asar ba zai manta ba. Ba a ganin amfaninsa cikin kwana 3, sai an yi wata 2 ko 3 ana yi. Ɗan ciwo lokacin motsawa ba laifi ba ne, muddin ya kwanta kafin washegari. In ya kwana ya yini, a rage yawan, kada a bari gaba ɗaya. Tafiya kan ƙasa mai laushi marar tudu, da hawan keke ga mai shi, su ma suna taimako.

Sai a gyara yadda ake aiki. A raba aikin tsugunno gida biyu ko uku, a riƙa miƙewa tsakani. A tafi garka da ƴar kujera, a yi dashe a zaune. A ɗauki rabin buta sau biyu maimakon cikakkiya sau ɗaya. Inda akwai injin ban-ruwa, dattijo ya riƙe tiyo, yaro ya ɗauki inji. Hawan dabino a bar wa samari. Kayan kasuwa a sa a amalanke ko a kan jaki.

Sanda ba abin kunya ba ce. Amma mutane da yawa suna riƙe ta ba daidai ba. In gwiwar dama ke ciwo, a hannun hagu ake riƙe sanda. In ta hagu ce, a hannun dama. Wajen hawan tudu a fara sa ƙafa mai lafiya, wajen gangara a fara sa mai ciwo.

Mai ƙiba ya yi ƙoƙari ya rage. Wani bincike da aka yi a Amurka a shekarar 2005 ya nuna in mutum ya rage kilo 1, nauyin da ke sauka kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da wajen kilo 4. Wannan gargaɗi na masu jiki ne. Tsoho ramamme kada ya rage abinci, shi wake da gyaɗa da kifi da dafaffen nono yake bukata don tsokarsa ta yi ƙarfi.

Wurare biyu ne ke wahal da mai ciwon gwiwa kullum: salga da wurin salla. A salga a kafa icce mai ƙarfi ko a ɗaura igiya wadda za a kama a tashi, ko kafinta ya yi kujera mai rami a ɗora bisa. Game da salla kuwa, malamai sun haɗu a kan cewa wanda ba ya iya tsayuwa ko durƙuso yana da damar yin ta a zaune. Wanda ke shakka ya tambayi limamin unguwarsu.

DAGA MAGARIBA ZUWA KWANCIYA

Shayi mai ƙarfi da goro da kofi suna korar barci, kuma ƙarfinsu yakan daɗe awoyi a jiki. Mai ciwon gwiwa ya sha shayinsa da hantsi, ya bar na hirar dare.

Kafin kwanciya a taɓa gwiwa da bayan hannu, a gwada ta da ɗayar. In ta sage ne kawai, ba zafi ba kumburi, ɗumi take so. A jiƙa tsumma a ruwan ɗumi a gasa ta minti 15 zuwa 20. Ko a ɗumama rairayi mai tsabta a kasko, a ƙulle a ƙyalle mai kauri a ɗora. A fara gwadawa a hannu. Mai ciwon sukari ya yi hattara ƙwarai, don fatarsa tana iya ƙonewa bai ji ba.

In kuwa gwiwa ta ɗan kumbura bayan aiki mai yawa, sanyi take so. A jiƙa tsumma da ruwan randa a naɗa mata minti 15, a ɗora ƙafa bisa matashi.

Bayan haka a shafa man kaɗe ko man zafi, a murza cinya da kewayen gwiwa sannu. Man ba ya shiga cikin gaɓa, amma murzawa da ɗumi suna sassauta tsoka. Kada a shafa man zafi kan rauni, kada kuma a gasa bayan an shafa shi. Sai a naɗe ƙafa a miƙe ta sau 10 kafin a ja bargo.

Shimfiɗa ma da nata. Tashi daga tabarmar ƙasa babban aiki ne ga gwiwa mai ciwo. Gadon da tsawonsa ya kai gwiwa ya fi, ko na icce ne ko na kara, a sa katifa ko buhun da aka cusa wa ƙaiƙayi. Mai kwanciya ta gefe ya sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyinsa, don kada ƙashi ya danni ƙashi. Mai kwanciya rigingine yana iya sa siririn zane ƙarƙashin gwiwa. Kada ya saba da babban matashi wanda zai bar ƙafa a lanƙwashe har safe, don gwiwar da ta saba da lanƙwasa takan ƙi miƙewa. Kowace rana a miƙe ƙafa sosai.

A sa dogon wando ko a rufe gwiwa da zane mai kauri, amma kada a ɗaure ta tamau da dare. A kwana cikin sange, don sauron bakin tabki ba ya barin mai lafiya ma ya yi barci.

Gargaɗi babba: kada a kwana da kaskon garwashi cikin ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda ke kashe mutum cikin barci. A ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kasko, sa'an nan a kwanta.

IN CIWO YA TADA MUTUM TSAKAR DARE

Kada a kwanta ana juyi ana jiran asuba. A tashi zaune a bakin gado, a riƙa lilo da ƙafa sannu. In da hali a kama sanda a taka kaɗan cikin ɗaki. A murza cinya, a sake gyara matashi, a koma. A ajiye tocila da sanda da takalmi kusa da kai, don faɗuwa cikin duhu tana karya ƙugun tsoho. Iyali su kawar da turmi da guga da igiyar akuya daga hanyar bayan gida. In an yi ƙailula da rana, kada ta wuce rabin awa.

MAGANIN LIKITA DA MAGANIN TEBUR

Har yanzu ba a sami ƙwaya ko allura ko sassaƙe da ke mayar da guringuntsin da ya cinye ba. Duk wanda ya zo kasuwa da lasifika ya ce nasa yana warkar da sanyin ƙashi cikin mako ɗaya, kuɗi yake nema. Abin da magani ke yi shi ne rage ciwo, don mutum ya samu ya motsa ya yi barci.

Ga gwiwa, abin da aka fi so a fara da shi shi ne man shafawa na likita mai diklofenak, don kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Sai farasitamol. Ƙarfinsa ba shi da yawa, amma ya fi sauran sauƙi ga ciki da ƙoda. Ƙwaya mai miligiram 500 ana shan 1 ko 2, a bar awa 6 tsakani. Tsoho kada ya wuce ƙwaya 6 a yini da kwana. Yawansa yana lalata hanta, mai ciwon hanta kuma ya fara tambayar likita. Wanda ciwonsa na dare ne yana iya ajiye shan ƙarshe sai rabin awa kafin kwanciya.

Ƙwayoyin diklofenak da ibuforofen sun fi ƙarfi, haɗarinsu ma ya fi. Suna iya huda ciki su sa zubar jini, suna ɓata ƙoda, suna ƙara hawan jini. Haɗarin ya fi yawa ga tsoho, da mai gyambon ciki, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da wanda ke yini cikin rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba, da mai azumi. Ba a shan su sai likita ya rubuta, bayan an ci abinci, na ƴan kwanaki. Ba a haɗa iri biyu. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ya daina sha ya tafi likita a ranar.

Mai tebur yakan ƙulla ƙwayoyi 4 ko 5 cikin leda ya ce na ciwon jiki ne. Mai saye bai san sunansu ba, kuma sun yini cikin rana da ƙura. Wasu a haɗe suke da sinadarin da ke cikin kofi, sai mutum ya sha don ya yi barci, ido ya bushe. Biyu daga cikinsu sun fi ɓarna.

Ɗaya shi ne taramol. Na likita ƙwayarsa miligiram 50 ce ko 100, amma wanda ke yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma akwai mai 120, da mai 200, da mai 225. Yana kama jiki har mutum ya kasa bari, yana sa jiri da faɗuwa da farfaɗiya. Wanda ya sha ya daina jin gwiwa yakan yi aikin da ya fi ƙarfinta, ta ƙara lalacewa.

Ɗayan shi ne dekisa, wato deksametazon. Kwana 2 ciwo ya ɓace, mutum ya yi ta sa wa mai tebur albarka. Bayan watanni sai fuska ta kumbura, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya yanke rana ɗaya, don yin haka ma haɗari ne. Ya je likita a rage masa sannu sannu.

Allurar da ake yi cikin gaɓa tana ba da sauƙi na ƴan makonni, amma aikin lokotoro ne a wuri mai tsabta. Kada a yarda wani mai yawo da jaka ya soka allura cikin gwiwa.

TSAGA DA ƘAHO DA SAKIYA

Wanzamai da maɗora mutanen gari ne, kuma jama'a sun yarda da su. Gashi da murza da suke yi suna da amfani. Amma tsaga da ƙaho da sakiya a kan gwiwa ba su kai inda cutar take. Babu wani mugun jini da ya taru wanda za a zuƙe. Fatar gwiwa kuwa siririya ce, gaɓa na nan kusa. In ƙwayar cuta ta bi ta tsaga ta shiga, gwiwa takan yi mugunya ta lalace har abada. Askar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta da sida, raunin da ƙasa ta shiga kuma yana kawo ciwon sandarewar jiki.

Jiƙon kanwa ma ba ya gyara gaɓa. Gishirin da ke cikinta yana ƙara hawan jini, abin da tsofaffi da yawa ke fama da shi tun da farko.

CIWON GWIWAR DA BA A KWANA DA SHI

Ba kowane ciwon gwiwa ne na tsufa ba. A garzaya likita in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga masassara, mutum ya kasa taka ƙafa. Mai yiwuwa mugunya ce cikin gaɓa, kuma kwanaki kaɗan take yi ta cinye ta.

2. An faɗi ko an buge, ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum, ko gwiwa ta kulle.

3. Gaɓoɓi da yawa suna kumbura a hagu da dama, har da yatsun hannu, safiya kuma jiki ya sage fiye da awa 1. Wannan wani irin amosani ne dabam, yana da nasa magani, kuma da wuri ake so a fara.

4. Ciwon gaɓa tare da masassara mai zuwa tana komawa, da zufar dare. Wanda ke shan ɗanyen nono, ko yake taɓa dabbar da ta yi ɓari, ya gaya wa likita, don akwai cutar dabbobi mai suna burusela da ke kama gaɓoɓin mutum. Dafa madara kafin a sha ko a kwantar da ita shi ne rigakafi.

5. Gwiwa ɗaya ta daɗe a kumbure, ga rama, ga tari. Tarin fuka yana shiga ƙashi da gaɓa.

6. Yaro ko saurayi mai kukan ƙashi da dare. Yaro ba ya amosanin tsufa. Yana iya zama sikila, ko mugunya cikin ƙashi, ko ƙari. In kuma ciwon yana yawo daga gaɓa zuwa gaɓa bayan ciwon maƙogwaro, zuciyar yaron ce ke cikin haɗari.

INA ZA A DOSA?

A fara da likitar gari, wadda ake kira CSI. A tafi da duk ƙwayoyin da ake sha, har na tebur, a nuna wa majo ba ɓoye-ɓoye. A roƙa a auna jini, a duba sukari. Ga wanda ya haura shekara 45 kuma alamunsa irin na tsufa ne, sau da yawa tambaya da taɓawa sun isa a gane cutar, ba sai an kashe kuɗin mota da na hoton ƙashi ba. In abin ya fi ƙarfin CSI, su za su ba da takarda a tura mutum gaba, har babban asibitin ƙasa na Damagaram.

In gwiwa ta cinye ƙarƙaf, akwai aikin da ake yi a sa ta ƙarfe da roba. Ana yin sa a manyan asibitocin ƙashi, irin na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959. Aiki ne mai tsada ƙwarai. Abin farin ciki shi ne mafi yawan masu ciwon ba su kai ga bukatarsa, kuma ba dole ne ciwon ya riƙa ƙaruwa kowace shekara ba. Wanda ya ƙarfafa cinyarsa ya rage wa gwiwa kaya yakan daɗe yana taka ƙafarsa.

HAKKIN IYALI

Tsofaffi ba su cika faɗin ciwo ba. In an ce ina kwana, sai su ce lafiya lau, ko da ba su runtsa ba. Ya kamata ƴaƴa da jikoki su lura: in Baba ya soma gyangyaɗi da hantsi, ko Inna ta daina zuwa suna da biki, a tambaye su yadda suke kwana.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. Ɗa ya ɗaga wa mahaifinsa gado. Suruka ta ɗora ruwan gashi bayan an sauke tuwo. Jika ya karɓi bidon kakarsa. Wanda ya tafi cin rani Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya, in zai yi aike, ya sa da bargo da katifa da kuɗin ganin likita, kada ya aiko da ƙwayar da bai san ta ba. Dattijon garka shi ya san lokacin barbarar dabino, shi ya san inda ruwa yake kusa da inda ƙasa ke da kanwa. In ya samu barci zai iya gangarawa da sandarsa da kujerarsa ya nuna wa yara, ko da bai ɗauki buta ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta wannan ga iyayensa da maƙwabtansa, ya kuma gwada musu motsin nan uku har su iya. Allah ya ƙara wa dattawa lafiya, ya sa albarka a garake. Amin.